Santimita 14 da Suka Ɓace: Yadda Motar Kwana ta Kama Ƙofar Gareji

A takarda, lissafin ya fita tsaf. Tsayin ƙofar garejin santimita 213 ne, wato ƙafa bakwai, awon da aka fi samu a gidajen zama na Amurka da Ingila. Ƙofar irin mai falle-falle ce da inji ke ja sama: rololinta suna bin titin ƙarfe a gefe biyu, igiyoyin ƙarfe masu naɗuwa a kan ganga suna riƙe da ita, idan ta buɗe sai ta kwanta a ƙarƙashin silin. Motar kuwa irin ƙananan bas ɗin nan ce da ake mayarwa ɗakin kwana na tafiya, da gado da murhu da firij da tankin ruwa, rufinta ana ɗaga shi sama idan an yi zango, a kwantar da shi idan za a kama hanya. Takardar kamfani ta ce tsayinta santimita 199, kamar na Volkswagen California da aka gina a kan Transporter T6. Mai gida ya cire wannan daga wancan, ya ga ragowar santimita 14, hankalinsa ya kwanta. Wata da watanni motar tana shiga tana fita ba ko ƙwarzane.

Daga baya aka ɗora mata farantin sola a tsakiyar rufi, aka sauya mata tayoyi masu ɗan girma, aka yi tafiya aka dawo. A tsakar gida aka sauke kaya, aka zubar da ruwan tanki, sannan aka nufi gareji da ita a hankali kamar kullum. Gaban motar ya shige lafiya. Tana kaiwa rabi sai bakin farantin ya cafke robar ƙasan ƙofar da ke rataye a sama, ya tura fallen ƙarshe ciki. Rola ɗaya ta fice daga titinta na ƙarfe, igiyar ƙarfen wannan ɓangaren ta yi sako-sako ta zame daga gangarta, ƙofar ta karkace ta tsaya a bisa motar. Ba wanda ya ji rauni. Amma ƙofa mai nauyin kilo 40 zuwa 60 tana rataye da igiya ɗaya a kan rufin mota, mutum kuma yana zaune a ciki.

Ina santimita 14 ɗin suka tafi?

Da aka kawo tef aka auna, sai aka ga ba wuri ɗaya suka tafi ba. An yi ta tsakurarsu ne nan da can, kowane wuri da ɗan abin da ba a ɗauke shi a bakin komai ba.

A fara da ƙofar. Lambar 213 awon ƙofar ce ita kanta, falle huɗu, kowanne kimanin santimita 53. Ba awon ramin da mota ke bi ba ne. An taɓa ƙara daɓe a kan na asali, ga kuma siririn katako mai roba da ake bugawa a ƙarƙashin linta don tare iska da ruwa. Waɗannan biyun sun ci santimita 2, saura 211. Sannan irin wannan ƙofa mai falle-falle, idan ta buɗe, ba ta ɓacewa gaba ɗaya. Fallen ƙasa yana tsayawa a kwanar titin ƙarfen, bakinsa da robarsa suna leƙowa ƙasa da linta. A nan abin da ya leƙo santimita 5 ne. Ainihin hanyar wucewa ke nan 206. Wanda ke zaune a kujerar direba ba zai ga wannan ba, domin idonsa a kan linta yake, bakin ƙofar kuwa yana ɗan ciki, cikin inuwa.

Sai motar. Awon kamfani na mota ce yadda ta fito daga masana'anta, da tayoyinta na asali, ba komai a rufinta. Farantin sola mai firam ɗin alminiyam tare da ƙafafunsa ya ƙara santimita 3.5. Tayoyin an tashi daga 215/65 R16 zuwa 235/65 R16. Mutane da yawa suna ɗauka faɗi kawai ya ƙaru, alhali lambar 65 ɗin kaso ce na faɗin: gefen tsohuwar taya kusan milimita 140 ne, na sabuwar kusan 153, motar ta tashi da milimita 13. Sauke kaya da zubar da ruwa ya sa sifirin ya miƙe da kamar santimita 1. Abin lura a nan shi ne, motar kwana ta fi tsayi a daidai lokacin da ake son ajiye ta, domin a lokacin ne take fanko. Da aka ɗora katako miƙaƙƙe a kan farantin, aka daidaita shi da lebur, aka auna daga ƙarshensa zuwa ƙasa, sai aka samu 205.

Ko a hakan ai 205 bai kai 206 ba, ya kamata ta wuce da ƙyar. Abin da ya ƙarasa aikin shi ne gangaren ƙofar gida, kuma shi ne aka fi mantawa da shi, don haka ya cancanci a tsaya a kansa.

Hanyar da ta zo garejin gangarowa take yi, tana sauka santimita 6 a kowace mita, har bakin ƙofa, daga nan daɓen ciki ya miƙe. Idan tayoyin gaba sun hau daɓen ciki, na baya kuma suna kan gangare a sama, motar ta zama kamar katakon da aka gitta a kan kwari: bakinsa biyu suna taɓa ƙasa, tsakiyarsa a sama. Wurin da ya fi tashi shi ne tsakiyar tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya, lokacin da ya zo daidai bakin ƙofa. Lissafin ba wuya: a ninka gangaren da wannan tazara, a raba huɗu. Tazarar tayoyin gajeriyar T6 mita 3 ce. Santimita 6 sau 3 ya ba da 18, a raba huɗu, santimita 4.5. Doguwarta mai tazarar mita 3.4 za ta tashi da fiye da 5 a kan wannan gangaren. Farantin sola kuwa a tsakiyar rufin aka ɗaura shi, daidai inda tashin ya fi yawa. Sai 205 ya koma 209.5 a ƙarƙashin ƙofar da ba ta wuce 206 ba.

Wannan lissafin ya kuma nuna cewa tun kafin a sa sola ba santimita 14 ake da su ba. Motar tana wucewa ne da ratar da ba ta kai faɗin yatsu biyu ba, ba tare da kowa ya sani ba.

Inda hanyar hawa take yi zuwa gareji maimakon gangarowa, matsalar tana sauya wuri. Tsakiyar motar ba ta tashi, amma idan aka shiga da ribas, bayanta da ya zarce tayoyi da kusan mita ɗaya yana ɗagawa sama bayan ya wuce linta, ya doki ƙofar da ke kwance a sama ko hannun injin da ke jan ta. A irin wannan gida a auna tsayi har mita biyu zuwa ciki, kada a tsaya a bakin ƙofa kawai.

Mintunan farko bayan karon

Abin da hannu ke fara kaiwa shi ne rimot ɗin ƙofa, kuma shi ne abin da bai kamata a taɓa ba. Injin bai san igiya ɗaya ta zame ba. Idan ya ja ko ya tura, ƙofar za ta ƙara karkacewa, sauran rololin su fice, titin ya lanƙwashe. Jan igiyar gaggawa, wadda ke raba ƙofar da injin, ma haɗari ne a wannan hali, domin wataƙila hannun injin ne kaɗai ya rage yana riƙe da ƙofar.

Tsarin da aka bi, wanda kuma shi ne daidai: aka kashe mota aka ja birkin hannu, direba ya fita ta inda ba ya bi ƙarƙashin gefen da ya saki. Aka zare fulogin injin ƙofa daga soket. Aka danne filaya mai kullewa a titin ƙarfe a kowane gefe, daidai ƙarƙashin rolar ƙasa, don kada ƙofar ta zamo. Aka tokare fallen ƙasa da katako biyu daga daɓe. Sai aka rage wa motar tsayi maimakon a fizge ta: aka sassauta iskar tayoyi huɗun, manya biyu suka zauna a ciki, aka kwance farantin daga kan tsani. Daga nan aka yi ribas taku-taku, mutum ɗaya yana tsaye a gefe idonsa a kan rufi. A mayar wa tayoyin iskarsu kafin motar ta je ko'ina.

Mayar da igiya kan ganga aikin gwani ne, kuma a nan ba mu da sassauci. Sifirin ɗin da ke ɗauke da nauyin ƙofar, wanda ke kwance a kan sandar da ke bisa linta, ana murɗa shi kusan zagaye bakwai da rabi ga ƙofa mai ƙafa bakwai, da sandunan ƙarfe da aka yi don wannan aiki. Wanda ya gwada da sukundireba ko guntun rodi, idan ya kuɓuce masa, yana iya karya yatsu ko muƙamuƙi. Haka ƙarafan kusurwar ƙasa inda igiyoyin ke maƙale: duk ƙarfin sifirin yana kansu idan ƙofa tana rufe, ba a kwance notinsu.

Gyaran da aka zaɓa

An duba hanyoyi huɗu. Ɗaga linta shi ne ke ba da tsayi mai yawa, amma linta tana ɗauke da bangon da ke samanta, wani lokaci har da rufin gida, don haka sai da injiniyan gini, kuma sai an sayi sabuwar ƙofa. Ga motar da ta haura mita biyu da rabi, kamar Fiat Ducato mai dogon rufi, babu wata dabara sai wannan ko a yi mata rumfa a waje. Ga wannan motar kuwa abin bai kai nan ba.

Na farko, aka dawo da abin da ƙofar ta ci. Mai gyara ya tarar sifirin ya gaji. Yawancinsu ana yin su ne don buɗewa da rufewa sau 10,000, wanda a gidan da ake buɗe gareji sau huɗu a rana bai cika shekara bakwai ba. Gajiyayyen sifirin ba ya iya riƙe fallen ƙasa a sama. Aka sa sabo daidai nauyin ƙofar, aka miƙe titin, aka ƙara wa injin iyakar buɗewa har bakin ƙofar ya kusa daidaita da linta. Akwai iyaka a nan: idan aka wuce gona da iri, igiyoyin suna sakewa a sama su zame daga ganga, a koma gidan jiya. Dole su kasance a ɗame ko da ƙofa ta buɗe sarai. Hanyar wucewa ta koma 210.

Na biyu, aka sauya farantin sola mai firam da irin mai laushin nan da ake liƙawa da gam, kaurinsa kamar milimita 3. Yana da nasa aibin: ba iska a ƙarƙashinsa, yana ɗaukar zafi, wutar da yake bayarwa tana raguwa a tsakar rana, kuma ba ya daɗewa kamar mai gilashi. Amma ya mayar da sama da santimita 3. Motar ta koma 202.

Da an tsaya a nan, 202 da 4.5 na gangare sun ba da 206.5 a ƙarƙashin 210. Ratar santimita 3.5 ke nan, kuma a ganinmu ba ta isa ba. Mota tana rausaya idan taya ta hau dutse ko murfin magudana, robar ƙofa tana saki da zafi, rufin da ba a ƙulle maɓallansa da kyau ba yana zama a ɗan ɗage. Kada ratar ta gaza santimita 5 a wuri mafi matsi, mota fanko. Shi ya sa aka yi na uku: aka fasa kankaren bakin ƙofa, aka shimfiɗa mita ɗaya da rabi kusan a miƙe. Sauran hanyar ta ɗan ƙara tsini, ta koma santimita 8 a mita, amma da yake kwarin ya matsa nesa da ƙofa, tashin da motar ke yi a ƙarƙashin linta ya sauko zuwa santimita 1.5. Ratar ta zama 6.5. Duk wanda zai yi wannan ya sa magudanar ruwa mai murfin ƙarfe a inda gangare ya ƙare, ya kuma bar wa shimfiɗar ɗan karkata zuwa gare ta, in ba haka ba ruwan sama zai kwana a garejin.

Abubuwan da binciken ya tono

Tunda an riga an fito da tef, sai aka bi sauran wuraren, aka kuwa samu abin da ya fi karon farko haɗari.

Igiyar gaggawa a Amurka ana rataye mariƙinta kimanin ƙafa shida daga ƙasa, santimita 183. Rufin motar ya fi haka, don haka kullum mariƙin yana jan ciki a kansa. Ranar da ya maƙale a kariyar ɗora kaya ko gefen tagar rufi, motar za ta cire ƙofar daga injin tana ƙarƙashinta. Yanke igiyar ba magani ba ne, domin dole hannu ya kai gare ta ranar da wuta ta ɗauke. Aka bi da ita ta zoben ƙarfe biyu zuwa jikin bango. Inda hali ya yi, injin da ake kafawa a bango kusa da sandar sifirin ya fi dacewa da doguwar mota, domin yana kawar da dogon ƙarfen tsakiyar silin da kan injin baki ɗaya.

Sai idon lantarki, ƙananan na'urori biyu da ke kallon juna a gindin ƙofa. Tun daga 1993 dokar Amurka ta wajabta wa injinan ƙofar gareji na gidaje ƙarin kariya irin wannan, kuma ana kafa idon bai wuce inci shida daga ƙasa ba, santimita 15, don ya ga yaro ko dabbar da ke ƙasa. To amma haskensa yana bi ta ƙarƙashin bamba ya wuce. Motar tsawonta santimita 490 ne, garejin 580. Idan aka maƙala mata mariƙin kekuna a baya, tsawon yana ƙaruwa da fiye da rabin mita, ƙarafan cikin ƙofa kuma suna cin wajen santimita 10. Tayoyi sun wuce idon, injin ya ɗauka hanya a buɗe take, ƙofa ta sauko kan kekuna. Wasu suna ɗaga idon zuwa tsayin bamba don magance wannan. Kuskure ne babba, domin an ceci keke an bar yaro. Na ƙasa ya zauna inda yake. A kafa katakon tsayawa a daɓe inda tayar gaba za ta tokara, idan kuma injin yana karɓar ido na biyu, a ƙara shi a sama.

A faɗi ma ba yalwa. Ƙofar ƙafa takwas ce, abin da ya rage bayan katakon gefe kamar santimita 240, motar da madubanta a buɗe kusan 230. A naɗe madubai tun a waje. Ƙofar bayan motar mai ɗagawa sama tana wuce tsayin rufi idan ta buɗe, kuma takan doki ƙarafan ƙofar gareji. Rufin kwana ba a ɗaga shi a ciki ko kaɗan. Idan tantinsa ya jiƙe, a shanya shi a waje kafin a shigar da motar, don kada ya yi fumfuna.

Gwajin wata-wata shi ne a kwantar da katako mai kaurin santimita 4 zuwa 5 a ƙasan tsakiyar ƙofa a rufe ta: tana taɓa shi ta koma sama, a ƙa'idar Amurka cikin daƙiƙa biyu. Ƙa'idar Turai ta EN 12453 ta kayyade ƙarfin bugun da kada ya wuce niyuton 400, wajen nauyin kilo 40. Sannan, ƙofa tana rufe, a cire ta daga injin a ɗaga ta da hannu zuwa ƙugu a saki. Idan ta tsaya, sifirin lafiya lau. Idan ta zube, a kira mai gyara, kada a ƙara wa injin ƙarfi don rufe matsalar. Maɓallin bango kuma ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi daga ƙasa, inda hannun yara ba ya kaiwa.

Gas, hayaƙi da batir

Garejin a manne yake da gidan, akwai ƙofa tsakaninsu, kuma motar kwana ba kamar sauran motoci ba ce: kicin ce da ɗaki a kan taya. Akwatin tukunyar gas yana da huda a ƙasansa, an yi ta ne don idan gas ya tsiyaya ya fice waje. A fili wannan kariya ce. A cikin gareji kuwa, wajen da yake ficewa shi ne daɓen garejin. Gas ɗin tukunya furofen ne ko butan: furofen ya fi iska nauyi da kusan ninki ɗaya da rabi, butan kusan ninki biyu, suna kwanciya a ƙasa su bi rami ko magudana, kuma kashi 2 cikin 100 a iska ya isa tartsatsi ya kunna su. Mafi ƙarancin abin yi shi ne a rufe bawul a kan tukunyar kanta, a kunna murhu har gas ɗin cikin tiyo ya ƙone, tun motar tana waje. Idan za ta daɗe a ajiye, a cire tukunyar a tsayar da ita a waje inda iska ke kaɗawa. Firij mai aiki da gas yana da ƙaramar wuta da ke ci a bayansa, a tabbata ta mutu.

Hitar da ke shan man dizal ita ce ta fi ba da tsoro a wannan gida. Tana da agogon da ke kunna ta da kanta, salansarta kuma a ƙarƙashin mota take. Da aka duba, an tarar agogon yana nan a saite tun daga tafiyar da aka dawo. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi, tana kuma bi ta ƙarƙashin ƙofa ta shiga gida mutane suna barci. Aka goge saitin, aka zare fis ɗin hitar, aka sa wa ƙofar tsakani roba da abin da ke rufe ta da kanta, aka kafa ƙararrawar wannan iska a cikin gida kusa da ƙofar da kuma wajen ɗakunan kwana. Injin motar ma ba a barinsa yana aiki a ciki ko da ƙofar gareji a buɗe take. A tayar, a fita.

Sola ba ta aiki a ƙarƙashin rufi, don haka sai an haɗa motar da wutar gida. A ba ta soket nata mai na'urar yanke wuta ta miliamfa 30, a warware wayar gaba ɗaya daga abin naɗinta, domin naɗaɗɗiyar waya tana zafi. Batir mai ruwan asid yana fitar da haidurojin idan yana caji, wanda ke kamawa daga kashi 4 cikin 100, shi kuma sama yake tashi, don haka garejin yana bukatar kafar iska a sama da ƙasa. Batirin litiyam ba a cajinsa idan sanyi ya kai ƙasa da digiri sifili, sai in yana da abin ɗumama kansa.

A ƙarshen aikin aka rubuta lamba biyu a takarda aka liƙa kusa da sitiyari: tsayin motar 202, hanyar ƙofa 210, da ranar da aka auna. A ƙasansu aka jera abin dubawa kafin shiga: tagar rufi, maɓallan rufi, madubai, kekuna, gas, hita. Duk ranar da aka sauya taya ko sifirin mota, ko aka ɗora wani abu a rufi, ko mai gyara ya taɓa ƙofar, sai a sake fito da katako da lebur da tef, a gyara lambobin kafin motar ta sake shiga.